Ƙurar Zinare a Tsakar Gida: Abare da Tsohuwar Muhawara Kan Abin da Ke Tura Ɗan Adam

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyuka na yammacin jihar Zamfara, mutane sun lura cewa agwagin da ke kiwo a bakin kududdufai suna ta raguwa, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Mutuwar dabba da rani ba labari ba ce. Bayan an kwana biyu sai yara ƙanana suka soma amai da ciwon ciki, daga nan jijjiga, wasu su suma su ƙi farfaɗowa. Lokacin zafi ne, lokacin sanƙarau, kuma a zagayen sa ido kan sanƙarau ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka ci karo da lamarin a watan Maris. An ba yaran maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba su na kashe ƙwayoyin cuta, duk a banza. Sai da aka aika jininsu ɗakin gwaji a Turai sannan gaskiya ta bayyana: gubar dalma ce.

Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gudanar tare da jami'an lafiya na Najeriya a ƙauyukan Dareta da ke ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma da ke Bukkuyum ya fito da alƙaluma masu tayar da hankali. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin wata goma sha biyu, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Daga cikin yara 204 da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari suna ɗauke da dalma da ta kai ko ta haura maikrogiram 45 a kowane desilita, matakin da likitoci ke fara ba da maganin cire guba. Ba da jimawa ba aka gano cewa annobar ba ta tsaya a ƙauyuka biyu ba. Abare, a ƙasar Anka, na cikin ƙauyuka bakwai na farko da aka tabbatar, tare da Sunke da Duza da Tungar Guru da Tungar Daji. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu.

Musabbabin a tsakar gida yake. Maza na haƙo duwatsu daga ramuka su kawo gari cikin buhuna. A farfasa su da guduma, a niƙe a injin niƙa irin na dawa da gero, ko a daka a turmi, a wanke garin, a gauraya da zaiba don ta kamo zinaren, a ƙona zaibar ta tashi. Duwatsun da aka faɗa wa a wannan karon sun zo da dalma mai yawan gaske, kuma irin wadda ruwan ciki ke narkarwa cikin sauƙi. Masu binciken sun tarar cewa a kashi biyu cikin uku na gidajen, cikin gida ake wannan aiki. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura 100,000 a ma'aunin da hukumar muhalli ta Amurka ta kayyade 400 a lokacin ga filin wasan yara. Yaro mai rarrafe kuwa, hannunsa daga ƙasa sai baki.

Wannan ɓangare na labarin an sha ba da shi. Wanda ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya biyo baya: bayan an san abin da ke kashe yara, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasa an zuba sabuwa, a wasu ƙauyuka niƙan dutse ya sake komawa kusa da gidaje, ƙasar da aka tsabtace ta sake gurɓata. Me zai sa mutumin da ya binne ɗansa ya koma ga sana'ar da ta kashe shi? Duk wanda ya je yankin da niyyar gyara, likita ne ko jami'in gwamnati ko basarake, ya je ne da amsar wannan tambaya a aljihunsa, ko ya sani ko bai sani ba. Kowace amsa kuma tana da tarihinta a ilimin halayyar ɗan Adam.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce rashin sani, wanda Bahaushe ya ce ya fi dare duhu. A watannin farko gaskiya ce tsagwaronta. An daɗe ana neman zinare a wannan yanki, tun zamanin Turawa a shekarun 1930, kuma ba a san ƙurar dutse da kashe jarirai ba. Amma tunanin cewa da zarar mutum ya sani zai bari, masana sun daɗe da gano rauninsa. A shekarun 1950, hukumar lafiyar jama'a ta Amurka ta riƙa kai motocin ɗaukar hoton ƙirji kyauta har cikin unguwanni don gano tarin fuka, mutane da yawa suka ƙi zuwa. Masana irin su Godfrey Hochbaum da Irwin Rosenstock suka bi sawun dalili, suka fito da ra'in da har yau ake koyarwa a makarantun kiwon lafiya: mutum ba ya motsawa sai ya yarda cutar za ta iya kama shi, ya yarda mai tsanani ce, ya yarda matakin da aka ba shi zai yi amfani, sannan ya ga abin da zai rasa bai rinjayi abin da zai samu ba. A Abare sharuɗɗa uku na farko sun cika da sabbin kaburbura. Na huɗun ne ya tsaya cak.

Don a gane nauyin na huɗun, sai a dubi kasuwa. A 2006 ana sayar da oza ɗaya ta zinare, wato giram 31 da 'yan kai, a kan dala 600 ko kusa da haka. A watan Maris na 2008 ta haye dala 1,000 a karon farko, a 2010 tana wajen 1,200, a Satumban 2011 ta taɓa 1,900. Rikicin bankunan Amurka da Turai ne ya sa masu dukiya suka ruga ga zinare, kuma wannan gudu nasu ya iso har ƙauyen da noman damina ɗaya ke ciyar da shi shekara. A nan mutane kan jawo Abraham Maslow, wanda a 1943 ya jera buƙatun ɗan Adam hawa-hawa, daga ci da sha zuwa tsaro, zuwa ƙauna, zuwa daraja, zuwa cikar buri. (Hoton dalar nan da ake liƙa wa sunansa a littattafan makaranta ba shi ya zana ba, wasu ne suka ƙirƙira daga baya.) Sai a ce yunwa ce ta danne tsaro, kuma abin da ya kori ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma tsanin Maslow bai dace da tsakar gidan Abare ba. Aiki ɗaya ne ke kawo wa yaro tuwo kuma yake zuba masa guba, babu hawa na ƙasa da na sama. Sannan kuɗin zinare ba a ciki kaɗai suke ƙarewa ba. Suna zama babur, rufin kwano, sadaki, ragon suna, abubuwan da a ƙauye ba ado ba ne, su ne ke sa a kira mutum magidanci.

Wanda ya fi kusa da bakin rami shi ne B. F. Skinner, ko da yake shi da ɓeraye da tattabaru ya yi aikinsa. Skinner bai damu da abin da ke cikin zuciya ba. A wurinsa, hali yana ƙarfi ko ya yi rauni gwargwadon abin da ya biyo bayansa. Ya sa tattabara a akwati, in ta caki wani maɓalli sai hatsi ya zubo. Abin da shi da abokin aikinsa Charles Ferster suka tattara a littafinsu na 1957 ya nuna wani abin mamaki: tattabarar da ake ba hatsi a kowace caka, da an daina ba ta sai ta yi saurin haƙura. Wadda kuwa ake ba ba bisa ƙa'ida ba, yau bayan caka biyar, gobe bayan tamanin, ita ce ba ta haƙura. Za ta yi ta caka har ta galabaita, domin ba ta da hanyar sanin ko ta gaba ce mai sa'a. Haka caca ke kama mutum, kuma haka ramin zinare yake. Buhu goma na iya fita ba komai, na sha ɗaya ya biya bashin shekara. Ba sai mutum ya dace da kansa ba ma. Ya isa ya ga maƙwabcinsa ya dace.

Akwai kashi na biyu a koyarwar Skinner da ya fi wannan ciwo. Sakamakon da ya zo nan take yana horar da hali, wanda ya yi jinkiri kuwa da ƙyar yake tasiri. Kuɗin zinare yana shiga hannu ran kasuwa. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai gargaɗi mutum, kuma tana taruwa ne a hankali cikin makonni da watanni. Bugu da ƙari, babban mutum da ke niƙan ba shi ke faɗuwa ba. Hanjin yaro yana tsotse kaso mai yawa na dalmar da ya haɗiya, ninkin na babba sau da dama, ƙwaƙwalwarsa kuma tana cikin ginuwa. Uba yana tsaye da ƙafarsa cikin ƙurar tun safe, ga shi garau a ganinsa, sai a ce masa ƙurar ce ta kashe jaririn da bai taɓa zuwa bakin inji ba. Idonsa na gaya masa abu ɗaya, baƙon likita na gaya masa wani.

Gwamnati ta zo da nata ra'in, wanda ya fi kowanne tsufa: tsoro. Aka haramta haƙar. Skinner ya riga ya yi gargaɗi cewa horo yana danne hali ne kawai a gaban mai horon, ba ya koyar da madadinsa. Abin da ya faru ke nan. Ma'aikatan agaji da na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da rahoto a 2010 cewa wasu al'ummomi na ɓoye rashin lafiya da mace-macen yara don gudun kada a rufe musu ramuka. Haramcin da aka yi don ceton yara sai ya zama dalilin da ke hana a kai su asibiti, kuma wuri mafi aminci na ɓoye buhun dutse daga idon hukuma shi ne cikin gida, inda baƙo namiji ba ya shiga.

Ɓoyewa daga hukuma lissafi ne mai sauƙin fahimta. Ɓoyewa daga kai ita ce mai wuyar sha'ani, kuma Leon Festinger ne ya yi mata suna a 1957. Ya ce idan abin da mutum ya sani ya yi karo da abin da yake aikatawa, zuciya ba ta samun sukuni sai ta daidaita su, kuma sau da yawa sanin ne ake lanƙwasawa, domin shi ya fi arha. Misalinsa mashayin taba ne da ya ji tana kisa: ko ya daina, ko ya shawo kan kansa cewa likitoci sun cika zuzutawa. Gwargwadon nauyin abin da yarda za ta ɗora wa mutum, gwargwadon ƙarfin da zai sa ya ture ta. To wane nauyi ya kai a ce wa uwa garin dutsen da ta shanya da hannunta ne ajalin ɗanta? Binciken CDC ya nuna haɗarin mutuwa ya fi yawa ga yaran da iyayensu mata ke taɓa aikin. A irin wannan hali, jingina abin ga zazzaɓi ko iska ko mayu ba wauta ba ce. Katanga ce da zuciya ke ginawa don ta iya kwana.

'Yan boko kan yi saurin ɗora laifi a kan imani da ƙaddara, kuma a nan sun yi gajeren tunani. Malaman zaure suna da nasu ilimin zuciya tun kafin a haifi Festinger da ƙarnuka. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya siffanta zuciya da sarki mai runduna, sha'awa da fushi na cikin mayaƙansa, hankali kuma waziri, ya kuma yi dogon bayani kan yadda rai ke ƙawata wa mai shi abin da yake so har ya gan shi hujja. Wannan bai yi nisa da abin da Festinger ya auna ba. Koyarwar da ta ce ajali na hannun Allah ita ce kuma ta ce a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Wane ɓangare mutum zai jawo a wace rana, wannan ya danganta da ko yana da igiyar ɗaurewa.

Maganar igiya ita ce ta kawo Kurt Lewin, Bayahuden Jamus da ya gudu Amurka a 1933. A 1936 ya taƙaita ra'insa da cewa hali 'ya'yan abu biyu ne, mutum da muhallin da yake ciki, kuma ba a raba su. Ya ɗauki kowane hali a matsayin wurin da ƙarfi biyu suka yi kunnen doki, masu turawa da masu tarewa. Mai son canji yana da zaɓi: ya ƙara matsin lamba da wa'azi da barazana, wanda ke ƙara tsamin dangantaka, ko ya cire abin da ke tare mutum daga hanyar da ake so ya bi. Lewin ya fifita na biyu. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da nama ya yi ƙaranci, gwamnatin Amurka ta so iyalai su riƙa cin kayan ciki irin su ƙoda da zuciya. Lewin ya fara da tambayar wa ke tsaron ƙofar da abinci ke bi ya shiga gida, ya ga matan gida ne. Aka raba su biyu a jihar Iowa. Waɗanda aka yi wa lacca, kashi 3 cikin ɗari ne suka dafa. Waɗanda aka zaunar suka tattauna matsalolinsu suka yanke shawara tare, kashi 32.

Abin da ya yi aiki a Zamfara, in an duba, hanyar Lewin ya bi, ko da ba a ambaci sunansa ba. Masarautu da dagatai suka sa baki aka fitar da injinan niƙa bayan gari, ba a ce a daina neman zinare ba. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha, suka tsara aikin tsabtacewa da mutanen ƙauyukan suka yi da hannunsu ana biyan su: a kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya da shebur, a ɗure a buhu, a binne a rami na musamman, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, Abare da sauran huɗun suka biyo baya daga ƙarshen shekarar zuwa Maris na 2011. MSF ta tsaya a kan cewa maganin cire dalma ba zai yi amfani mai ɗorewa ba in yaro zai koma ya yi rarrafe a ƙasar da ta sa masa ciwon, don haka gyaran gida ya zama mabuɗin magani. Kuma tunda mata na cikin kulle, su ne kuma masu tsaron ƙofar da ƙura ke bi ta kai bakin yaro, dole aka nemi mata ma'aikata da za su shiga har ɗaki. Daga baya MSF da ƙungiyar OK International suka gwada fesa ruwa a bakin injin niƙa a wuraren haƙar zinare na arewacin Najeriya, da tanadin wurin wanka da sauya tufafi kafin a koma gida. Sakamakon da aka wallafa ya nuna dalmar da ke tashi a iska ta ragu da kimanin kashi 95 cikin ɗari. Mai haƙar bai zama wani mutum dabam ba, burinsa na nan yadda yake; ƙurar ce ta kwanta.

Adalci ya buƙaci a juya tambayar ta fuskanci Abuja, domin ba talaka kaɗai ke da halayya ba. Bagega, gari mafi girma cikin waɗanda abin ya shafa, an san halin da yake ciki tun da wuri, amma ya zauna jiran kuɗin tsabtacewa shekara biyu, yara na shaƙar guba, MSF ba ta iya fara magani ba. A 1968 John Darley da Bibb Latané sun nuna a gwaji cewa yawan masu kallo yana rage yiwuwar wani ya kawo ɗauki, domin kowa na zaton alhakin na wuyan ɗan'uwansa. Lamarin Bagega ya rataya tsakanin ma'aikatar lafiya da ta muhalli da ta ma'adinai, tsakanin tarayya da jiha. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow The Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal, suka tattara alhakin suka ajiye a ƙofar mutum ɗaya, shugaban ƙasa Goodluck Jonathan, ta kafofin sada zumunta, sannan aka saki kimanin dala miliyan 4 a Janairun 2013. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Saura ra'i ɗaya, wanda ba ya cikin zuciya ko aljihu, yana cikin jini. Dalma kanta tana sauya hali. A 1979 likitan Amurka Herbert Needleman ya tattara haƙoran da yara suka famfare a garuruwa biyu na jihar Massachusetts, ya auna dalmar da ke cikinsu, ya kwatanta da rahoton malamansu. Masu dalma da yawa sun fi rashin natsuwa a aji, sun fi gaggawar aikata abu ba tunani, makinsu na gwajin basira ya fi ƙasa. Wani dogon bincike a birnin Cincinnati ya bi yara tun daga ciki har girma, a 2008 ya ba da rahoton raguwar ƙwaƙwalwa a sashen goshi, wurin da ke taka wa mutum burki. Yaran Needleman ba su kai ko kusa da matakin da aka gani a Anka da Bukkuyum ba. Wasu kan yi tsalle daga nan su danganta ta'addancin 'yan bindiga da ya addabi Zamfara da gubar dalma. Wannan zance ne da ya wuce hujjarsa, kuma zalunci ne ga yaran da aka riga aka zalunta sau ɗaya. Rikicin yana da tushensa a filaye da burtali da makamai da rashin hukunci. Abin da binciken ya tabbatar ya fi wannan kusa da gida: yaro mai wahalar riƙe karatu, mai saurin fushi, da ake duka a makaranta ana ce masa dakiki, alhali maganin cire dalma yana rage ta a jini ne, ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata.

Jariran da suka tsira a Abare a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun kai shekarun shiga rami da kansu. MSF ta miƙa aikinta ga hukumomin jihar a watan Fabrairun 2022, bayan ta gwada jinin yara fiye da 8,000. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, wannan karon saboda tsaro, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. A watan Oktoban 2025 oza ɗaya ta zinare ta haye dala 4,000, fiye da ninki uku na farashin da ya shigar da injin niƙa tsakar gidajen Abare.